Kifin da Bai Ga Wuta Ba

Shekara talatin da aure, 'yarmu Balaraba ta ce,
"Ku bar ƙanƙarar Minnesota, ku je ku ga teku."
Ta yanki tikiti, ta kama ɗaki a tsibirin Maui,
ta kama mana tebur tun wata biyu kafin zuwa
a gidan abincin Japanawa da ke ƙasan otal,
inda ko ruwan sha ba ya zuwa sai da rusunawa.
Ni Sallau na kafa hula, ban yi gardama ba.

An ce bakwai, muka zo bakwai saura.
Takwas ta gota muna tsaye bakin wani ɗan tafki,
kifaye masu jan zane suna ta shawagi.
Na ce wa Asabe, "Ga abincinmu, ba a kamo ba."

Kaleo, yaron da ke hidima, ya kawo tawul mai zafi,
ya jero sunaye kamar mai karanta wasiyya.
Faranti ya iso, faɗinsa ya kai faifai,
abin da ke kai bai fi ɗan yatsa ba:
loma guda ta shinkafa, an shimfiɗa mata jan kifi
kamar jariri a cikin mayafi.
Na juya shi, na leƙa ƙasansa,
ban ga inda wuta ta taɓa ba.

Ga wani kore a gefe, na zaci fiya ce,
na kwashe shi duka da tsinken nan biyu.
Wayyo! Barkono a harshe yake faɗansa,
wannan ta hanci ya bi, ya haye ƙwaƙwalwa,
ya buɗe mini ƙofofin da ban san ina da su ba.

A damanmu wani dattijo, Gordon na ji an kira shi,
ya ture miyarsa: ta huce, ga gishiri.
Matarsa na ƙirga mintoci a agogon hannu,
wai bara da suka zo ba haka aka yi musu ba.
A hagunmu saurayi ya durƙusa da zobe,
budurwar na hawaye, bakinta cike da ƙaguwa.
Su kam ko dutse aka dafa musu a daren nan
ba za su ce bai yi laushi ba.

Sai na waiga. Asabe ta yi tsit.
'Yar masunta ce, a Yawuri aka binne cibiyarta.
Idonta na kan tsohon da ke bayan dogon katako,
Morioka, mai farin ƙyalle a goshi,
yana jan wuƙa sau ɗaya tak, ba ya maimaitawa.
Ta ce, "Dubi hannun. Haka Baba ke tsaga giwan ruwa."
Ta ɗauki yanka guda, ta rufe ido, ta daɗe.
"Wannan da asuba yana cikin ruwa," in ji ta,
"ƙarni ba ya ɓuya, kuma ban ji shi ba."
Shekara goma sha ɗaya rabonta da ambaton Baba.
Ban ce uffan ba.

Tsohon ya lura, ya miƙo mata wani yanka
da hannunsa, bai sa shi a lissafi ba.
Ta dunƙule hannu ta jinjina masa,
ya sunkuyar da kai, ya koma kan wuƙarsa.

Takardar kuɗi ta zo a ɗan akushi mai sheƙi:
dala ɗari huɗu da sittin, ban da tukuicin Kaleo.
Na fara mayar da su buhunan shinkafa a zuci,
na kai na biyar na bari, don ran ba na aro ba ne.
Gordon na can yana cigiyar manaja,
masu zobe sun fice, ba su ko duba tasu ba.

A hanyar ɗaki teku na ta wanke yashi,
cikina na kiran ciroma.
Na ratse shago, na sayi burodi da madara.
Balaraba ta bugo: "Baba, yaya abincin?"
Na buɗe baki, Asabe ta karɓe wayar:
"Ki kama mana tebur jibi."
Ni dai har yau ban ba da amsa ba.