Koren Yadi a Watan Maris

Duk shekara idan zafi ya shaƙe Kaduna,
mangwaro ya fara nuna a Barnawa,
kogi ya janye ya bar duwatsu suna gasuwa,
sai Sista Nuwala ta shigo Kasuwar Barci
da lemarta, da Hausarta ta asibiti.

"Malam Tanko, kore nake nema."
In sauke mata bandir uku.
Wannan lalle ne, in ji ta,
wannan kuwa tutar ƙasarku.
Nawa sai inda ruwa ba ya ɗaukewa.
In ce, to Sista, sai ki jira Agusta.
Ta yi dariya, ta ɗauki na tsakiya,
ɗankwali goma sha biyu, kafin sha bakwai ga wata.

Shekara guda ta ce in zo in gani.
Na sa hular Juma'a, na zauna can gefe,
baƙo a garin da aka yanke mini cibiya.
Ranar waliyyinsu ce, Fatarik.
Ganyen da suke maƙalawa a ƙirji
ba ya fitowa a ƙasarmu,
sai ta tsinko na wake a bayan kicin,
ta ce ai shi ma uku ne, Allah ya gani.

Dankali da kabeji, gishiri kaɗan, yaji babu.
Nasu baƙi ne mai farar kumfa,
nawa zoɓo da ƙanƙara,
ba wanda ya leƙa kofin wani.
Wani tsohon Fada ya soke goge a ƙarƙashin haɓa,
sai ga rawa:
ƙafafu na bugu kamar fedar kekena,
hannuwa kuwa a manne da jiki
sai ka ce ni na ɗinke su.

A daren ta ba ni labarin wani gari nasu
inda ake kamo bunsuru daga kan dutse,
a ɗora masa kambi,
ya yi kwana uku yana mulki.
Na ce Sista, ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.
Ta dafa ƙirji.
Na ce to ya fi waɗansu,
tunda ciyawa kaɗai yake ci,
kuma ya san ranar sauka.
Fada ya ƙware da dariya har goge ya ɓata.

Da gwiwoyinta suka gaza, ta koma gida.
Ragowar yadin ta bar mini, kamu biyu da rabi.
Na ɗinka wa Kubura jakar makaranta,
ta rataya ta har zif ya mutu.

Jiya da la'asar waya ta yi ƙara.
Kubura ce, daga can, ta taso daga aikin dare
ta tsaya a bakin titi cikin yayyafi.
"Baba, duba."
Ganguna, tutoci, yara da fentin fuska,
wani dogo a kan ƙafafun itace,
mutane daga ko'ina sun zo kallo.
Ni ba su na kalla ba.
Can bayansu akwai wani tudu,
ruwa na sauka a kansa a hankali.
Shekara talatin ina sauke bandir,
ashe ban taɓa riƙe launin nan ba.

Na ce, bunsurun fa?
Ta ce, "Sai Agusta, Baba."

Na ce idan kin sami hutu
ki nemi ƙauyen Sista, ki tambayi inda aka sa ta.
Ba sai kin kai komai ba.
Ki ce tela ya gani, ya yarda.

Aka ɗauke wuta.
Na mayar da ƙafa kan feda,
akwai wandon wani da zai zo karɓa bayan magariba.