Shaidar Kiyashi

A Tawa, in Afrilu ya kama, rana ba ta da mutunci.
Inna Tsahara na da roba biyu a bakin tasha:
ɗaya zoɓo, ja wur,
ɗaya tsamiya da citta, mai yaƙushin maƙogwaro.
Ni ke ƙulla mata leda tun asuba,
ni ke gudu Wadata sayen ƙanƙara
kafin wuta ta ɗauke, kuɗinmu ya narke.

Shekarar nan sukari ya hau, ya ƙi sauka.
Sai ga Nomau da jakar kafaɗa,
ya buɗe tafin hannu: wani ɗan ƙulli,
fari fat, bai kai goro ba.
Ya ce, "Inna, wannan ya tashi kilo biyar.
Bakin cokali kawai, roba ta cika da zaƙi.
Ko lemun kwalbar da manya ke sha,
wanda aka ce babu sukari,
ɗan uwansa ne a ciki."

Inna ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba.
Ta dama kofi biyu,
ta ɗauko tsingaro biyu na tsohon tulu,
ta ɗiga na sukari a nan, na Nomau a can,
ta ajiye su gindin katanga
inda kiyashi ke da hanya tun kafin a haife ni.
Ta ce, "Mu yi azahar."

Da muka sallame,
tsingaro ɗaya ya yi baƙi ƙirin,
ana ture-ture kamar ranar kasuwar Lahadi.
Ɗayan kuwa, su iso, su sunsuna, su kewaye,
kamar gidan wanda ake bi bashi.

Ta miƙa wa Nomau ƙullinsa.
"Abin da kiyashi ya ƙi,
ba ni ɗura wa ɗan mutum."
Ya ce, "Kiyashi ya yi lakwal ne?"
Ta ce, "A'a. Shi ya sa ba a ruɗa shi da takarda."

Ni dai na ɗanɗana a ɓoye.
Zaƙin ya zo a guje, babu sallama,
ya zauna a harshe kamar baƙon da ya ƙi tafiya,
can baya kuma wani ɗaci-ɗaci,
kamar na lashi makulli.
Har la'asar ina neman randa.

Sai Inna ta rage hannu.
Rabin sukari, dabinon Agadas jiƙe tun dare,
ta bar zoɓo ya faɗi tsaminsa da bakinsa.
Agali direba ya kurɓa, ya yamutsa fuska:
"Inna, yau zoɓon da faɗa ya tashi."
Ta ce, "Haka aka halicce shi."
Ya koma rumfar gaba, inda zaƙi ke araha.
Wasu ma suka bi shi.
Da dare muna ƙirga dala-dala a kan tabarma,
ba ta kai ta jiya ba.
Na ce, "Inna, ko kaɗan ne mu zuba?"
Ba ta ɗago ba.
Ta ce in wanke robar da kyau.

Sati uku. Agali ya dawo.
Bai ba da haƙuri ba, leda biyu ya ce a ba shi,
ya tsaya nan ya shanye.

Yanzu ina Yamai, Inna na ƙasa shekara shida.
Na kan buɗe firijin kanti, sanyi ya daki fuskata,
in juya kwalba, in bi ƙananan baƙaƙen bayanta,
sunayen da harshena ya kasa ɗauka.
Sai in duba ƙasa.
Tayil ne, an goge shi tas,
babu kiyashi ko ɗaya da zan tambaya.

In mayar da ita mazauninta.
In ce wa mai kanti, "Ba ni ruwa."