Awa Huɗu a Jos

Tun ranar Talata na kira lambar
da Malama Kande ta rubuta min a bayan katin asibiti.
"Davou ne. Wa ke magana?"
Na ce ran Asabar motarmu za ta yada zango a Jos,
mu talatin da biyu, tsofaffin malaman makaranta,
za mu Yankari ganin giwa.
Awa huɗu direba ya ba mu.
Ina son ɗan rakiya, nawa ni kaɗai.

Ya shiga baje min hajarsa kamar ɗan koli:
duwatsun Shere, ruwan Assop mai zubowa daga sama,
dutsen Riyom da ya hau wuyan ɗan'uwansa ya ƙi sauka.
Dubu ashirin da biyar, har da kuɗin mai.
Na taya sha biyar, ya ce albarka.
Muka tsaya a sha takwas,
na tura masa rabi, kafin alƙalami.

Asabar, sanyi na cizon kunne a Taminus.
Ga shi da jar hula da guntun kwali,
ya rubuta Uwali a maimakon Uwale.
Direbanmu ya leƙo ta taga:
"Ƙarfe uku zan tashi, Malama.
Wanda ya makara ya nemi ta haya."
Sauran suka yi layi, sai gidan namun daji.

Na ce, Davou, ajiye duwatsunka.
Kai ni bayan Bukuru, rami na tara,
inda ubana ya yi shekara goma sha ɗaya yana haƙar kuza.
Ya sosa ƙeya.
"Mama, wannan ba ya cikin tsarin."
Na ce ai tsarin na biya, ni ce mai shi yau.

Motarsa na tari kamar yadda Baba ke yi da asuba.
Muka bar kwalta, muka bi jar hanya,
sau biyu yana tsayawa tambaya da yarensu,
wata tsohuwa ta nuna mana da haɓa.

Ashe ramin ya zama tafki.
Ruwa kore shar, ko motsi ba ya yi,
tudun ƙasar da suka tono ya yi gashin ciyawa.
Wata mata ta ja tiyo tana ba kabeji ruwa,
injinta na ta surutu shi kaɗai.
Na nemi inda Baba zai tsaya da kwano a ka,
sule biyu a mako, in ji shi, da garin rogo.
Ban samu ba. Ruwa ba ya ajiye sawu.

Ɗan rakiyar da na biya don ya yi bayani
ya yi shiru har na waiwaya.
Can ya ce, "Kakata ta ce nan gonar accarmu take
kafin kamfani ya zo da ma'auni."
Muka tsaya,
jikan mai gona da 'yar mai haƙa,
kowa na kallon gadonsa a ƙarƙashin ruwa ɗaya.

Ya tsuguna ya debo baƙin yashi,
ya ƙulle min a kwalin da ya ɓata sunana.
Ya fi kamanninsa nauyi.
Mai kabeji ta ba ni ƙulli biyu, ta ƙi karɓar ko sisi.

Uku da minti bakwai muka iso,
direba na danna ham kamar zai fasa garin.
Na miƙa wa Davou cikon dubu tara,
ya ƙirga, ya maido min da ɗaya:
"Na Assop ne, ba mu je ba."

A mota kowa na nuna hoton jimina da kada.
Kande ta taɓo ni: "Ke da kika yi hayar mutum guda,
me kika gani?"
Na gyara kabejin a cinyata.
Na ce, ruwa.