Gyaran Kuskure

Layin waya ɗaya ne a gidan wayar Yelwa,
mu kuwa mu biyu ne, Labbo.
Shekarar da aka datse Kwara,
ruwa na hawa tsibiran Gungawa kamar mai bin bashi,
jaridarka ta turo ka da kyamarar aro,
tawa ta turo ni da biro biyu da gargaɗin kawuna:
mace ba ta shiga kwalekwale da baƙi.
Na shiga.

Ranar Laraba ka riga ni ga wayar.
Ka gama labarinka, ka ƙi sauka,
ka hau karanta wa editanka farashin albasa,
da na bandar kifi, kwando kwando,
har akawu ya ja ƙyaure.
Ina bayanka, gumin hannuna na cin tawada.
Ran nan na rantse ba ma ƙara shan inuwa ɗaya.

Washegari kai ne a shafin farko:
ɗaki kaza, buhun siminti kaza.
Ni sai bayan kwana uku, shafi na shida,
ƙarƙashin tallar sabulu:
tsohuwar da ta goya turmin uwarta kamar jinjiri,
da masuncin da ya tambaye ni
wa zai je ya yi wa kaburbura bayani.
Na rufe da cewa wani ɗan jarida
ya ƙirga ɗakuna bai ga mutane ba.
Ban kama suna ba. Kowa ya gane.

Abin da ban rubuta ba:
daren da injin jirgi ya mutu tsakiyar kogi,
ka tuɓe rigarka ka naɗe littafina kada ya jiƙe,
sauro ya ci kasuwa a gadon bayanka,
ka karya ƙuliƙuli ka miƙo mini babban ɓarin.
Labari ne, amma ba na sayarwa ba.

Shekara talatin da ɗaya.
Na yi aure, na yi takaba, na aurar.
Jaridun duka biyu sun riga mu kwantawa.
Mai tsire ya naɗe da ni, ya naɗe da kai,
man gyaɗa bai tambayi wa ya riga wani ba.

Yau sai ga ka bakin kasuwar Yelwa,
tabarau mai kauri, hula ta koɗe,
ka zaro shafi na shida daga aljihu,
ya yi laushi kamar tsumman goyo.
Ka ce, "Hurera, albasan nan da nika ƙirga,
tsoro nika ji in aje waya
ki gama naki ki bi motar marece."

Kai, Labbo. Da baki gare ka, ai sana'arka ce.

A aikinmu in an yi kuskure
ana gyara shi cikin ɗan akwati, can ƙasa,
inda ba mai dubawa sai wanda abin ya shafa.
To ga nawa:
inda aka ce bai ga mutane ba,
a karanta, ya ga mutum ɗaya.

Ruwa bai mayar da tsibiri ko ɗaya ba,
ni ma ba zan iya mayar maka da komai ba.
Amma matso, inuwar kanyar nan ta ishi biyu,
rantsuwa kuma tana da kaffara.
Sai dai ka sani:
wannan karon ni zan fara magana,
kai ka tsaya a layi.