Mushen Mushe Nomau

A amalanken jaki aka kawo ta
ranar Litinin, bayan la'asar,
gindin bedin da nake gareji
a Mokoyo, dab da mai tsire.
Mobilet ce, shuɗiya a da,
yanzu launinta launin laka ne na Gulbi.
Kaza ta yi kwanci a sirdinta,
zanzaro ya yi gini a bakin salansa.

Mai ita ya sauko yana dogara sanda.
Na gane shi kafin ya gama sallama:
Mushe Nomau na lakwal ɗin Bagalam,
da ya murɗe kunnena gaban allo
ya ce kaina ba ya ɗaukar lissafi,
ƙarshena baƙin mai ne har gwiwar hannu.
Bai nuna ya san ni ba, ni ma na yi shiru.
Na ce, Mushe, wannan ai mushe ce.
Ya ce, to feɗe ta mu gani.

Na feɗe ta a kan buhun siminti.
Buji baƙi ƙirin, gindin tukunya.
Fistan ya kafe, ya rantse ba ya motsi,
sai da ya sha kananzir kwana uku,
na lallashe shi da guntun icen kirya,
don ƙarfe kan ƙarfe faɗa ne,
kuma tsoho ba ya son tsawa.

Zobensa biyu sun karye.
Na zaga Babbar Kasuwa rumfa rumfa,
yara masu kayan Sin suna ta dariya:
Baba, wa ke hawan wannan yanzu?
A Tibiri na same su, wurin Ɗan Bakwai,
cikin gwangwanin madara, naɗe da tsumma,
ya ce shekara ashirin suna jiran mai nema.

Gasket na yanka daga kwalin sukari.
Karbirato na wanke, na ɗaga shi sama,
na leƙa rana ta ƴar kafar jiklar,
na hura har haske ya wuce.
Tazarar filatin, kauri ɗaya da katin waya.

Ina son injin nan don ba shi da rufa-rufa.
Bugu biyu ne: ya hau, ya sauko,
ya shaƙa, ya ƙone, ya fesar,
ba bawul, ba dogon zance.
Abu ɗaya ne ba ya yafewa:
ka hana shi mai cikin isansi,
ya kama kansa ya mutu a tsakar hanya.

Ranar da Mushe ya dawo
na auna a gabansa, ban taɓa takarda ba:
lita biyar, huɗu cikin ɗari,
kashi ɗaya cikin biyar na lita kenan.
Na girgiza, na zuba, na ɗora ta kan ƙafarta,
na taka feda. Tari ɗaya. Shiru.
Na sake. Ta yi atishawa.
A na uku ta ɗauka, tin-tin-tin-tin,
shuɗin hayaƙi ya hau cikin bedi,
mai tsire ya zage ni yana dariya.
Na juya ƴar ƙusar iska da farce
har muryarta ta zauna.
Da na kwance buji, ya yi launin ƙuli-ƙuli.

Ya ce in rubuto kuɗin aiki.
Na rubuta a bayan kwalin, jaka sha takwas.
Ya sa tabarau, ya laluba aljihu,
ya zaro jan biro.
Kalma uku ya zagaye.
Ya bi lambobin da yatsa, sama zuwa ƙasa,
sau biyu, bai sami abin ja ba.
A ƙasa ya sa bakwai bisa goma.

Ya ce, Tsahiru, har yau rubutunka tafiyar kaza.
Ya ɗaure sandarsa a baya da roba,
ya hau, ya nufi Zariya a hankali,
awaki suna ba shi hanya.

Kwalin yana nan, na kafa shi da ƙusa
jikin bedi, sama da akwatin kile.