Matakala Ɗari da Sittin

Da kuɗin sallama na fara,
ranar da kamfanin kifin gwangwani ya rufe ƙofa.
Shekara goma sha tara ina ƙarni,
abin da aka damƙa mini ko tsohuwar mota ba zai saya ba.
Na kama ɗaki a Valparaíso, can saman tudu,
matakala ɗari da sittin daga bakin teku.
Duk mai hawowa dole ya huta a ƙofata.
Dabarata ke nan, ba ni da wata.

Baldomero, ɗan gwaggona, yana da akori-kura.
Mukan bi gidajen da aka yi rasuwa
bayan hawaye ya bushe, magada sun fara auna ɗakuna.
Su tarkace suke gani.
Ni ina ganin keken ɗinki mai ƙafar ƙarfe,
faifan garmaho arba'in, uku sun tsage,
kwat ɗin matuƙin jirgin ruwa da tikitin silima a aljihu,
madubin da ya gaji da fuskoki har ya yi dishi-dishi.

Watan farko makulli ɗaya na sayar,
shi ma ba kwaɗo.
Wata ɗaliba ta rataya shi a wuya, ta sauka tana dariya.
Na rubuta a littafi: peso dubu biyu.
Na rubuta a ƙasa: haya, dubu ɗari uku.
Na rufe littafin, na ɗora ruwan shayi.

A hankali hannu ya faɗa.
Na iya ƙwanƙwasa katako in ji ko gara ta riga ni,
na iya kifa faranti in karanta gindinsa,
na iya kame bakina idan mai saye ya ɗauki abu sau biyu.
An kuma cuce ni:
agogon da aka rantse na Jamus ne,
na buɗe cikinsa, roba.

Sai ƙasa ta motsa daren wata Laraba,
ba sallama, yadda ta saba a garin nan.
Da safe rabin jarina na kwance a daɓe.
Tangaran ɗin da ya ga kaka, ya ga jika,
bai tsira daga kantar da na kafa da ƙusa biyu ba.
Na share, na cika bokiti.
Ban yi kuka ba sai da na tsinci hannun kofi shi kaɗai.

Tsintsiya na hannuna wani tsoho ya shigo yana haki.
Bai dubi ɓarnar ba, rediyo ya nufa,
mai akwatin katako, da tabon wuta a kusurwa.
Ya ɗora yatsa a tabon ya ce,
"Sigarin babana ne, ranar da aka ci mu biyu da nema."
Dubu takwas na saye shi, saba'in na rubuta,
kuma saba'in ɗin mai gidan haya ke jira.
Ya laluba aljihu, ya laluba ɗayan.

Ban ba shi ba.
Kada a yi mini shaidar da ban kai ba.
Cewa na yi, ga kujera, yana iya zuwa ya saurara.

Evaristo sunansa. Ashe gyaran agogo ya yi har ido ya fara gardama.
Duk Alhamis yana hawowa, hutu uku a hanya,
ya kunna rediyon, ya baje ƙananan sukurori a kan hankici.
Agogo goma sha ɗaya nake da su, duk matattu.
Tara sun tashi, kowanne da nasa ƙarfe biyar,
kuma su ne suka biya hayar hunturu.

Bana shekara uku.
Kowace kanta na ɗaure ta da waya, na ƙara ƙusa.
Baƙi sun taya rediyon har ɗari da ashirin.
Baldomero ya ce, "Ermelinda, kanki ɗaya?"
Na nuna masa takardar da na liƙa, an sayar.
Ya ce wa ya saya, nawa ya biya?
Na ce ya kama mini ɗaya gefen tebur ɗin nan,
gobe Alhamis, kuma hasken taga ya fi kyau a can.