Mai Buga Lamba

Shekara ashirin da biyu ina buga lamba a kusurwar takarda,
hawa na huɗu, Sakatariyar Tarayya,
ɗakin da fankarsa ta mutu tun kafin a haifi autana.
Sunana Tanimu. Ba a kirana sai in abu ya ɓace,
ko in ana so ya ɓace.

Wasiƙar Majalisa ta zo ran Talata
da jan hatimi da wa'adin mako biyu:
a kawo takardun kwangilar madatsar ruwa,
wa ya karɓa, nawa aka biya, wa ya sa hannu.
Darakta ya rubuta a gefenta da koren biro: a duba.
Na duba. Ga fayil nan a durowa ta uku,
ɗaure da igiya, yana barcinsa kamar kyanwa.

Wasiƙa ta biyu, muka ce ana nema.
Ta uku, muka ce mai makulli ya tafi ta'aziyya Kafanchan.
Makullin yana aljihuna,
ya bi ni Mararraba a motar haya,
ya kwana da ɓarin goron da na rage.

Ta huɗu ta zo da kalmar sammaci.
Darakta ya cire tabarau, ya yi dariyar da ba ta kai ido ba:
"Takarda suke so? Ku ba su har su ƙoshi."

Kwana uku injin kwafi yana huci.
Rasit ɗin man janareta, takardar hutun direba,
kuɗin shayin taron da ba a yi ba,
kwali goma sha ɗaya.
Sun nemi allura, mun kai musu rumbu.
Shafi uku kawai, da hannunsa ya zare,
ya ninke, ya cusa a babbar riga.
"Tanimu, sake lambar, kada a ga giɓi."
Na ce to.
To ba ta da nauyi, ko yaro ya ɗauke ta.

Mahaifina awo yake yi a kasuwar hatsi,
ya mutu bai taɓa dukan gindin mudu ba.
Ba jarumta na yi ba, kada a ƙara mini gishiri.
Mantuwa na yi,
irin wadda mutum ke kwana yana shirya ta.

Ranar zama ni na tura kwalayen
ƙarƙashin koren ƙubba, cikin sanyin da ba na Allah ba.
Shugaban kwamiti ya dubi tulin, ya dubi agogo,
ya yaba mana bisa haɗin kai.
'Yan jarida har sun fara naɗe wayoyi.
Can ƙarshen tebur Hajiya Uwani,
wadda madatsar ke mazaɓarta, a takarda dai,
tana lasar yatsa tana juyawa
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Ba karatu take ba. Ƙirga take.

"Ɗari biyu da sha biyu," ta ce.
Ta juya.
"Ɗari biyu da sha shida.
Ranka ya daɗe, ina ukun da ke tsakaninsu?"

Hannun Darakta ya tafi aljihu da kansa,
sai ya tuna ba rigar ba ce.
Ya sha ruwa. Ya roƙi mako biyu.
Aka ba shi. Kullum ana ba shi.

Shafukan ba su zo ba har yau.
Matan garin Hajiya suna nan suna tonon rairayi a rafi.
Ni kuwa an mayar da ni sito a Gwagwalada,
ina lissafa kujerun da suka karye.
Amma giɓin ya shiga kundin Majalisa,
an rubuta shi, an karanta, an ce an amince,
babu igiyar da za ta ɗaure shi.

Abin buga lambar na taho da shi, ba wanda ya tambaya.
Wani lokaci nakan danna shi a bayan tsohon kwali.
Bai san Darakta ba.
Bayan sha biyu, sha uku yake bayarwa.